Ranar da Matan Garinmu Suka Karkata Bantun

Ban taɓa mantawa da ranar da muka gwada bantun ɗin mashigar garinmu ba, ko da yake dole in faɗa tun farko cewa shekaru sun yi nisa, wasu abubuwan sun fara haɗe mini. Shekarar dai ana tsakiyar ginin madatsar ruwa ta Rusairis, a nan ƙasar Sudan. Watan ne ba zan rantse a kansa ba. Ina jin bayan kaka ne, kogi ya fara ja da baya. Ƙananan injiniyoyin ofishinmu sun sha roƙona in rubuta labarin, shi ya sa na zauna rubutawa.

Ga wanda bai sani ba, bantun shi ne faffaɗan jirgin ƙarfe mai inji da ke tsallakar da mutane da dabbobi da mota. Kafin zuwansa, jirgin katako ne ke kai mutanen ƙauyenmu kasuwa a ɗaya gaɓar, kudu da Sinja, kuma mahaifina ne mai tuƙa shi.

Bayan na gama karatun injiniya a Khartoum, gwamnati ta tura ni Glasgow ta ƙasar Birtaniya, bakin kogin Clyde, inda a lokacin ake ƙera manyan jiragen fasinja masu ratsa teku. Shekara biyu na yi a ɗakin zane. Jirgi irin wannan da takarda ake fara shi. Idan an gama zane, sai a sassaƙa ɗan ƙaraminsa da kaki irin na kyandir, a ja shi a wani dogon tafki na cikin gini, a ga yadda yake yanka ruwa. Sannan a zana haƙarƙarinsa da ainihin girmansa a daɓen wani ƙaton ɗaki, manyan mutane na rarrafe da alli a hannu. Daga nan a gina shi a kan gangare a bakin kogi, ranar da ya kammala a sake shi ya silale cikin ruwa. Abu na ƙarshe shi ne gwajin karkata: a rataya igiya mai dalma a tsakiyar jirgi, a matsar da nauyin da aka sani daga wannan gefe zuwa wancan, a duba iya kaucewar igiyar. Da wannan ake gane abin da jirgi zai jure kafin ya kife.

Da na dawo, aikin farko da aka ba ni a matsayin mataimakin injiniya shi ne tsara saman sabon bantun. Gangar jikinsa an riga an ƙera ta. Nawa shi ne in raba wuri. Na yi yadda aka koya mini. Kaya a tsakiya, cikin shinge. Rumfa a gefen dama domin fasinja, hagu kuma fili. Na lissafa har da yiwuwar mutane duka su taru a gefe guda, domin littafi ya ce a yi haka. Sau uku na maimaita lissafin. Muka yi gwajin karkata da buhunan yashi, ya fita daidai. Saura in sa hannu, shugabanmu, wanda muke kira bashmuhandis, ya sa nasa, a buɗe ranar kasuwa mai zuwa.

Kwana huɗu kafin nan na je gida da takardar zanen. Ina jin nauyin nuna wa Baba, domin mu duka mun san abin da ke cikinta shi ne zai raba shi da sana'arsa. Na same shi a mashiga da hantsi yana toshe wata kafa a jirginsa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Tun dawowata Muhandis yake ce mini, wato injiniya da Larabci, rabi wasa rabi gaske.

Ya daɗe yana duban takardar, a juye ma ya riƙe ta, ban kuma gyara masa ba. Ya ɗora yatsa.

"Muhandis, wanga fa?"

"Wurin kaya ne, Baba."

"Kayan wa?"

"Na kowa. Kowa ya shigo ya ajiye nasa a nan, ya je ya zauna."

Ya yi dariya har da tari. "Inna Kulu za ta aje buhun gyaɗarta cikin na mutane, ta tafi ta zamna? Kai ka faɗa mata, ni ba ni iyawa." Ya sake nuna rumfar. "Nan inuwa take. Wane namiji zai zamna inuwa mata na rana? Nan mata za su cika, kowace da kayanta a ƙafa. Ranar kasuwa da safe maza na gona. Mi ka bari a wancan gefen?"

Na ce, "Fili."

Ya ajiye takardar. Ya nuna mini duwatsu uku manya da ke cikin jirginsa. Tun tasowata nake ganinsu, na ɗauka na murhu ne, don shayin masu jira. Ya ce idan mata suka zauna gefensu, sai ya mirgina duwatsun zuwa ɗaya gefen kafin ya tura jirgi, shekara talatin ke nan.

Littafin da na bi ya san fasinja, amma fasinjan da ya miƙa akwatinsa ya karɓi takarda. Na auna mutum shi kaɗai, kayansa kuma na kai su tsakiya, inda ba za su taɓa zuwa ba.

Washegari na shiga ofishin bashmuhandis. Na ce mai yiwuwa, ban tabbata ba, akwai gyara a lissafina.

"Mai yiwuwa ko akwai?" ya tambaya da Larabci.

"Akwai."

"Wa ya duba maka?"

"Mai jirgin mashiga."

"Wanda za mu kora daga aiki?"

"Mahaifina ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce an riga an gayyaci manya daga Sinja, ɗage buɗewa abin kunya ne gare shi da ni. Amma ya yarda a sake gwaji, bantun na ɗaure a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da mutanen gaske.

Baba ne ya tara matan. Ban faɗa musu inda za su zauna ba. Suka shigo da buhunan dawa da gyaɗa da tuluna, ba wadda ta ko kalli shingen kayan. Duka suka nufi rumfa. Ina durƙushe gaban igiyar, ina kallon dalmar tana tafiya a hankali, ta kai alamar haɗari da na yi da jan fenti, ta wuce. Ruwa ya taɓa bakin daɓen bantun. Wannan fa babu igiyar ruwa, babu iska, babu saniyar da ta firgita. Na ɗaga hannu aka tsayar da masu shigowa.

Inna Kulu, wadda ƙawar mahaifiyata ce, ta leƙo kaina. "Kai ɗan nan, har Ingila aka kai ka don ka koyo kifar da iyayenka?"

Aka yi dariya, ni kuwa na kasa ɗago kai. Na ce, "Inna, to ya za a yi? Ba za ku rabu biyu ba?"

"Mu zamna cikin maza? Allah shi kiyaye. Ka ba mu baya mana, daga wanga bango zuwa wancan. Maza su yi gaba da jakunansu."

Abin da muka yi ke nan. Aka kwance rumfar, aka gicciya ta a bayan bantun, aka cire shingen kaya. Jirgi ya fi jure nauyi ta tsawonsa fiye da ta faɗinsa. Wannan na sani tun a Glasgow, amma ban haɗa shi da zaman mata ba. Muka sake gwaji da su, dalma ta tsaya kusa da tsakiya. Na sa hannu bayan mako uku, idan ban yi kuskure ba.

Ranar buɗewa Baba ya ja jirginsa kan yashi, ya sa farar riga, ya shiga cikin fasinja. Da muka kai tsakiyar kogi ya matso kusa da ni, yana kallon ruwa, ya ce, "Ya zamna daidai." Bai sake tuƙi ba kuma har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Na sha tunanin cewa da ya yi shiru, da wataƙila an rufe bantun bayan tsallakawar farko, ya koma kan aikinsa. Ban ga alamar wannan ya ko ratsa zuciyarsa ba. Mutanen da zai tsallakar yake tunani, ko a jirgin wa suke.

Tun daga lokacin, duk ƙaramin injiniyan da aka turo mini, kafin ya taɓa fensir sai na aika shi mashiga ranar kasuwa, ya zauna ya ga yadda mutane ke shiga, wa ke zama kusa da wa, me suke ƙin saki daga hannu.

Yawancin waɗanda suka halarci gwajin sun riga mu gidan gaskiya. Amma akwai 'yan mata a cikinsu da yanzu kakanni ne. Idan wannan ya isa ga ɗayarku, ko ga wani abokin aiki na lokacin, kuma kuka ga na sauya wani abu, ku aiko mini in gyara, musamman kalaman Baba. Ina tsoron kada in zama na ƙara masa magana, domin shi mai gajeren zance ne.