Rumfar da Baba Ya Yi wa Faifan Sola

Mitata ta gwajin wuta na nuna bolt huɗu kacal, Baba na tsaye kaina, albasarsa na yaushi a gonarmu ta Bakolori.

Ya kirawo ni daga Mafara wai famfon ban-ruwa na sola da na saya masa ya mutu. Akwatin daidaita wutar lafiya lau yake, daga tushe ne wutar ba ta zuwa.

Na zaga bayan bukka, sai ga faifan sola, mai samar da wutar daga hasken rana, ƙarƙashin sabuwar rumfar zana.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Ko ragona ba ni bari cikin wagga rana, balle abin da ka sawo min da guminka."

Tare muka kwance rumfar. Ruwa ya taso daga famfon, Baba kuwa faifan yake ta kallo da tausayi.

Ku fa, wace ɓarna ƙaunar iyayenku ta taɓa yi muku?