Goran da Ke Riƙe Suna

A gidanmu na Darna ba a barin wutar tuwo ta mutu sai Kaka Ige ta gama gatana. Bayan magariba muke kewaye murhu, mu jikokinta, tana tura gyaɗa cikin toka da tsinke. Ba ta yin muryar dodo. A hankali take magana, kamar mai ba da labarin maƙwabta, shi ya sa tsoron ke shiga har ƙashi.

Akwai wata gatana da ta ba mu sau ɗaya tak. Wani ƙauye ne kura ta addaba. Sai ga baƙo rataye da gora, ya ce duk wanda ya faɗi sunansa a bakin goran aka toshe, kura ba za ta ƙara ganinsa ba. Mutane suka yi layi. Kuma bai yi ƙarya ba. Kura ta riƙa ratsa gari tana shaƙar iska, tana wuce yara a ƙofar gida kamar ba kowa.

"Amma hwa," in ji Kaka, "uwa ta kira ɗiyatta, ɗiya na kallon ta, ba ta cewa na'am. Ba rashin kunya ba. Sunan ne ba shi wurinta."

Sai in baƙon ya buɗe goran can wani gari mai nisa ya yi kira, ƙauyen duka ya amsa lokaci guda, har jarirai a goye.

Na tambaye ta ko ba wanda ya ƙi. Ta ce akwai mace guda. Na ce mi ya same ta?

"Ita kaɗai kura ka gani," ta ce, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Bara 'yata Rabi ta shigo da takardu, fuskarta ba walwala. Ita ke shugabantar reshen Illela na wata ƙungiyar 'yan mata ta ƙasa baki ɗaya. Duk sallah suna ɗinka wa marayu kaya, da na nan da na Konni da ke tsallaken iyaka, don mu ba mu taɓa ɗaukar iyaka abin da ke raba dangi ba. Uwar ƙungiya ta aiko da zaɓi biyu. Ko su shiga ƙarƙashin rajistarta ta ƙungiyar agaji, ba jami'in da zai ƙara tare su da tambaya, amma komai sai da izininta, kuma ko ɗankwali ba zai tsallaka iyaka ba. Ko su yi tasu rajistar, su ajiye sunan ƙungiya da bajenta da suke maƙalawa a ƙirji, su tsaya su kaɗai.

"Inna, mi zan ce musu?"

Na ba ta gatanar Kaka, ina zaton amsa nake ba ta. Ta saurara, ta ce to matar nan, kura ta cinye ta ko ta tsira? Na buɗe baki, sai na tarar ban sani ba. Shekara da shekaru ina ɗauka gargaɗi ne a kan gora, ashe tsohuwa, Allah Ya jiƙanta, kowane ɓangare ta bar shi da tsoronsa.

Sun yi istihara, sun zaɓi tasu rajistar. Har yau takardar ba ta fito ba. Ranar da Rabi ta hau babur da ƙunshin kaya ta nufi Konni, ba baje a ƙirjinta, ina tsaye a zaure da carbi har ta dawo. Kaka ba ta taɓa faɗa mana matar nan tana da uwa ba.