Jirgin Mai Kifin Gishiri

A gidanmu na Gatawa ba a shimfiɗa mana tabarma don tatsuniya. Kakarmu, mahaifiyar Baba, a bakin murhu take zama bayan isha'i tana gasa mana gyaɗa a toka, wanda ya yi gyangyaɗi kuma a cinye rabonsa. Ni ban taɓa asarar nawa ba.

Akwai labarin da take yawan maimaitawa, na wani manomi da zai haye gulbi da damin gero a ka. Mai jirgi ya ce ya ba da zangarniya ɗaya tak, abinci kuma kyauta ne har su sauka. Manomi ya shiga yana murna, aka ajiye masa busasshen kifi da ya sha gishiri, ya ci ya ƙoshi. Suna tsakiyar ruwa ƙishirwa ta taso. Ga ruwa ko'ina, amma gefen jirgin da tsawo, ƙoƙon ɗiba kuma na haya ne. Inuwar rumfa ma da kuɗinta, haka katakon da za a taka a sauka. Ya isa ƙetare da igiyar damin kaɗai a hannu.

Mukan yi ta dariya muna cewa wawa ne. Kaka sai ta ce, "Ba wawa ba ne, ɗiyana. Kunya taj ci shi. Da ya tambaya tun yana bisa gangar gulbi, da bai kai ga haka ba."

Shekaru sun shuɗe. 'Yan bindiga suka raba mu da Gatawa, Baba ya koma ɗakin haya a Sabon Birni. Mutumin da a da ba a rasa baƙi a zaurensa ya zama sai an aiko masa. Wannan ya fi rashin gonar ci masa rai.

Ina aikin jinya a Jidda. Bara da Baba ya zo aikin Umara, na saya mana tikitin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, wanda aka ce komai na cikin kuɗin tikitin. Ban tambaya ba, jikan Kaka guda. Abinci kam kyauta ne. Amma ruwan gora, da lemo, da shayi mai madara, da ladan ma'aikata, duk a kan katin ɗakinmu suke hawa, katin kuma a asusuna yake.

Baba bai san haka ba. Ya samu kujera kusa da mai shayi, duk wanda ya gifta sai ya ce masa bismilla, ya miƙa kati a kawo. Baturen da ba su jin maganar juna ma ya sha. Wayata tana ta ƙara da saƙon banki, albashina yana zurarewa, shi kuwa fuskarsa ta dawo irin ta zauren Gatawa. Na buɗe baki zan faɗa masa, na kasa.

Ranar sauka ya ga na daɗe a wurin biya. Ya dube ni ya ce, "Kai, wanga jirgi, ba na mai kifin gishiri ba ne?"

Na ce shi ne, Baba.

Sai ya tambaye ni ko baƙin nasa sun ƙoshi. Na ce sun ƙoshi.

Kaka ta yi gaskiya, yanzu kafin in shiga komai sai na tambaya. Amma wancan gero, da idona a buɗe na bar shi ya tafi, kuma har yau ban yi kewarsa ba.