Injin da Haladu Ya Kai Gidan Suna

Ƙanina Haladu mai naci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ka ce masa, "Kai, ka cika naci," sai ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da abin da yake yi. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Zama kawai yake yi kusa da kai har ka gaji. Matarsa Indo ta ce ita ma haka ya aure ta.

Noman rani yake yi a bakin kogi, can bayan gada. Da fetur ya yi tsada, sai ya ga tallan injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a waya. Wani matashi ne a Kano, Mudassir, yake sayarwa. Haladu ya sayar da tsohon injinsa, ya aika masa kuɗin.

Na ce, "Wanda ko fuskarsa ba ka gani ba?"

Ya ce, "Yaya, na ji muryarsa. Yana da ladabi."

Direba ya kawo kwalin tasha. Aka haɗa. Injin ya yi gurnani, ya tofo ruwan da bai kai na alwala ba, ya yi shiru. Lokacin tumatur ɗinsa ya fara fure, kuma in ba ruwa furen zubewa zai yi, wahalar shekarar ta tashi a banza.

Ya kira Mudassir. Yaron ya ce ba su iya haɗawa ba ne. Ya sake kira, yaron ya ce wataƙila rana ce ba ta isa ba. A Wudil, da azahar. Daga nan ya daina ɗauka.

Da wani ne, zagi zai yi. Haladu gaisuwa ya kama. Kullum da safe sai ya tura saƙon murya: "Salamu alaikum, Malam Mudassir. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya kasuwa? Injin nan dai bai tashi ba. A gaida mutan gida."

Mudassir ya toshe lambarsa. Sai ya ari wayar Indo. Aka toshe ta. Ya ari tawa, da ta mai shayi, da ta mai faci, har da ta liman, duk ana toshewa. In ya gama gaisuwar, shi da Indo su ɗauki bokiti su yi ta jido daga kogi. Layukan tumatur na kusa suna sha, na nesa suna bushewa.

Ana nan sai Mudassir ya saka sanarwa a shafin da yake tallan kayansa: matarsa ta sauka lafiya, suna ranar Asabar, ga unguwa, ga layi, ana gayyatar kowa da kowa.

Haladu ya nuna mini. Ya ce, "Yaya, ya ce kowa da kowa."

Ya sa babbar rigarsa, ya sayi sabulu da zanen goyo, ya cusa injin a buhu, ya hau motar farko. Ni ban je ba. Shi ya ba ni labarin, kuma Haladu ba ya ƙara wa zance gishiri. Ba shi da wannan basirar.

An raɗa suna, an shafa addu'a, ya karɓi goro da dabino, ya zauna da buhunsa tsakanin ƙafafu. Jama'a suka watse, shi yana nan. Uban Mudassir, wani dattijo Alhaji Lawan, ya matso.

"Malam, daga ina?"

"Daga Wudil, Alhaji. Barka na zo."

"Allah ya saka da alheri. Wannan buhun fa?"

"Injin da na saya wurin ɗanka ne. Ba shi da lafiya. Na ce kada in bar shi a gida shi kaɗai."

Dattijon ya tambaya, Haladu ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai zagi kowa ba. Alhaji Lawan ya ƙwala kira.

"Kai, Mudassir! Ka san bawan Allahn nan?"

Haladu ya ce, "Ina kwana, Malam Mudassir? Ya iyali?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Muryarsa na sani, Baba."

"Sa'an ubanka yana gaishe ka kullum, ba ka amsawa? Ga shi ya taso tun daga Wudil ya yi maka barka. Ɗauko mukullin shago."

"Baba, ba a gama fiɗar ragon ba."

"Ragon ba zai gudu ba."

Kafin la'asar Mudassir yana bakin koginmu da sabon inji, cikin farar shaddarsa ta suna, taɓo har gwiwa. Wannan na gani da idona. Ruwa ya fito, ya ci gaba da fitowa. Layukan kusa da na tsakiya suka tsira. Na nesa sun riga sun mutu, Haladu bai ko ambace su ba. Ya bai wa yaron albasa ya kai wa maijego.

Washegari ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda ya ari wayarmu. Na zaci godiya ya zo yi.

Ya ce, "Mudassir ya buɗe lambobin duka. Don Allah ku riƙa gaishe shi da safe. Kada yaron ya ɗauka don injin muke yi."