Hutun Asabar na Kawu Salih

Kawuna Salih tela ne a Kasuwar Libiya, kusa da birnin Khartum. Shekara talatin yana taka keke, kullum yana neman dalilin hutu. Wata rana 'yarsa Arwa ta dawo daga jami'a a Khartum, ta ce an koya musu cewa Yahudawa ba sa aiki ran Asabar.

Kawu ya ce, "Mutanen Annabi Musa ke nan! Dole in taya su."

Da Asabar ta zo, ya miƙe a gadon igiya yana jiran shayi. Shiru har hantsi.

Ya ƙwala wa matarsa kira, "Kubra, ina shayina?"

Ta ce, "Malam, ai ko wuta ba sa kunnawa. Ni ma taya su nake."

Kawu ya lalubi takalmansa, ya nufi kasuwa.