Katin Da Aka Rataya Wa Tulu

Shekaranjiya maigidana ya dawo daga kasuwar Kwari da shaddar ɗinkin Sallah. Ina warware ta sai kwalin da ake naɗe ta a kai ya faɗo a cinyata. Ban san lokacin da na kai shi hanci ba. Ƙamshin nan na sabon yadi da ya kama takarda ya ƙi saki, shi ya ɗauke ni daga falona ya dire ni a tsakar gidanmu na Fagge, ina 'yar shekara takwas, ga Yaya zaune a bakin rijiya ta haɗa kai da gwiwa.

Gidanmu gidan Barebari ne, daga Borno kakanninmu suka zo, amma mu da Hausa muka buɗe baki. Baba yana da rumfar yadi a Kwari. Kaka, mahaifiyarsa, ita ke mulkin tsakar gida daga kan tabarmarta a gindin darbejiya. Yaya kuwa ita ce babbarmu, kuma mace ta farko a gidan da ta shiga kwalejin horon malamai. A shekararta ta ƙarshe aka tura ta wata firamare a Sabon Gari ta yi zango guda tana koyarwa, a ga ko ta iya. Mai duba aiki zai zo daga kwaleji sau biyu. Wadda ba ta gamsar da shi ba, sai ta maimaita shekara.

Zuwansa na farko ne ya zaunar da ita a bakin rijiya. 'Yan ajinta sun rera masa shafi uku da murya ɗaya, ba tuntuɓe. Ya saurara har suka gama, sannan ya rubuta a takardarta cewa yaran ba su iya karatu ba, zai dawo bayan wata guda.

Ranar ba ita kaɗai ta dawo ba. Ƙawarta ce ta rako ta, wadda aka tura su makarantar tare. Ibo ce, Kirista, haifaffiyar Sabon Gari, mahaifinta mai gyaran keken ɗinki ne. Mu yara Anti muke ce mata.

"Wallahi sun iya," in ji Yaya. "Ko ƙanwar nan tawa a wurina ta koya. Kira ta ki gani."

Na taho ina taƙama, don a lokacin ni ake kira in yi wa baƙi karatu. Aka buɗe min littafi, na ga hoton akuya, na zuba shafin tun daga sama har ƙasa. Anti ta yi murmushi, ta buɗe wani shafin can gaba, ta ɗora tafin hannunta a kan hoton.

"To, ƙanwata, karanta min nan."

Har yau ina ganin hannun nan. Akwai alli a ƙarƙashin farcenta, da ɗan tabon ƙuna a bayan babban yatsa. A ƙasansa ga baƙaƙe jere kamar tururuwa, ko ɗaya bai yi min magana ba. Ashe hoton nake karantawa. In na gan shi sai haddar ta zo, in an rufe shi ban san komai ba. Kunya ta sa na fashe da kuka. Yaya ta bi ni da kallo, ta gane abin da mai duba aiki ya gani a ajinta.

"Kar ki damu," Anti ta ce mata. "Ni ma bara haka wata 'yar ajinmu ta rufe wa yaran da nake koya wa hoto. Kwana biyu ban yi mata magana ba."

Kaka ta tofar da goro ta ce, "Yo ai ko malaminmu na allo ba ya yarda da wannan. Tsinke yake sawa a tsakiyar allo ya ce wane baƙi ne nan. Ku 'yan boko sai yau kuka sani?"

Daga ranar gidanmu ya zama wata ƙaramar kwaleji. Baba ya riƙa ɗauro mana kwalayen da ake zubarwa a kasuwa. Kullum bayan an tashi daga makaranta su biyun za su shigo, zafin bazara ya dafa su, su sha ruwan tulu, su baje a inuwa. Anti tana yanka da almakashin Inna, mahaifiyarmu, Yaya tana rubutawa da tawada da alƙalamin kara, gaɓa ɗaya a kowane kati: ta, tu, ma, lu. Ni ce abin gwajinsu. Abin da ya shige ni yau, gobe su kai shi aji. Wanda ya ƙi shiga, su zauna su yi ta gardama a kan dalili. In an kira La'asar, Anti takan koma kan turmi ta zauna shiru, tana kore mana kaji daga kan tabarma har mu sallame.

Kaka ce ta kawo shawarar a rataya wa kowane abu sunansa. Turmi ya samu kati, tabarya ta samu, ƙofa ta samu. Aka ɗaura wa akuya nata a wuya, kafin a juya ta cinye shi. Kaka ta ce, "Kun gani? Ta riga ku sauka."

Ita ma Anti tana da nata ciwon. Ajinta ba ya yin shiru, kullum murya a dishe take zuwa. Yaya ta ce mata ta daina ihu, ta buɗe darasi da tatsuniya. A kanmu ta yi ta gwadawa, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa da ƙarfi, Kaka tana gyara mata inda za ta ja murya da inda za ta yi shiru yara su matso. Ranar Lahadi tana coci, ba ta zuwa. Sai gidan ya yi mana faɗi.

Wata yamma Yaya ta ajiye min kati biyu a ƙasa. Na ce tu. Na ce lu. Anti ta tura su da yatsa suka haɗu. Na sake faɗa, na sake, sai na ji kalmar ta fito daga bakina da kanta. Na ɗaga kai, ga shi can a lungu, gumi na tsattsafo masa. Anti ta yi ihu da yarensu ta ɗaga ni sama. Ni da hannuna na ɗaura masa katin.

Ranar da mai duba aiki ya dawo aka yi ruwan farko. Muna zaure muna jira suka shigo a jiƙe, Yaya ta rungume katunan a ƙarƙashin mayafi. Ta ce mutumin ko littafin bai buɗe ba. Alli ya ɗauka ya rubuta kalmomin da ba sa cikinsa. Aji ya yi tsit. Can sai wata 'yar ƙarama a layin baya ta fara haɗawa a hankali, wani ya karɓa, wata ta karɓa. Ba duka suka iya ba, amma ya sa mata hannu. Anti ma ta wuce. Kaka ta rangaɗa guɗa, ta shiga ɗaki ta ɗebo wa Anti turaren wutarta na Borno, wanda ko Inna ba ta taɓa samu ba.

Yaya ta yi koyarwa har ta yi furfura. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Anti kuwa wata shekarar tashin hankali iyayenta suka kwashe suka koma garinsu. Wasiƙa biyu ta aiko, daga nan shiru. Har yanzu in na bi ta Bata, bakin Sabon Gari, nakan tsinci kaina ina duban hannayen tsofaffin mata. In tana raye, Allah ya ba ta lafiya.

Jiya jikata ta zo da littafinta tana zuba min karatu kamar ruwa. Na ɗora tafin hannuna a kan hoton. Karatu ya tsaya, ido ya ciko da ƙwalla. Na jawo ta jikina, na ɗauko kwalin shaddar da almakashi, na yanka kati biyu. Mun jima a kai kafin ta haɗa su.

"Tulu," ta ce, fuskarta ta washe. Sai ta waiga, ta dubi firiji, ta dubi robobin ruwa a kan tebur. "Hajiya, mene ne tulu?"

 Na ce mata ta gyara zama, labarin da tsawo.