Rubutun Bayan Motar Tumatir

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ina jin ba zai taɓa ranar da muka bi bayan wata motar tumatir a hanyar Garun Malam ba.

Ɗana na biyu Allah ya yi masa kai kamar rikoda. Abu sau ɗaya zai ji ya zauna masa. A firamarensu kuwa malami ne ke faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, don haka ya zama zakaran aji. Da ya dawo gida zai buɗe littafi, ya ɗora yatsa, ya yi ta zuba. Ni kuma ina bakin tukunyar turara shinkafa ina washe baki, duk matar da ta kawo aiki sai na kira shi ya yi mata karatu. Asirinmu ya tonu ne ranar da ƙanwarsa ta yage shafin farko na littafin ta jefa a murhu. Gogan naka ya buɗe a gaban babansa, ya karanto labarin da ya riga ya zama toka, ko kalma bai rage ba. Ashe duk hadda ce. Yana aji uku, amma ko sunansa ba ya ganewa a rubuce.

Babansu manomin rani ne, ba mai yawan magana ba. Cewa kawai ya yi idan aka gama cirar tumatir bai ga canji ba, yaro zai ajiye jaka ya bi shi ban-ruwa. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, ga kunyar matan da na yi ta tarawa.

Na kai kukana wurin maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Filato da mijinta ke gyaran injin ban-ruwa a Kura. Ta zaunar da shi ta lallaɓa shi, har ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa mini ba: wai in ya kalli shafi, haruffan cakuɗewa suke yi, layi ya hau kan layi. Ta ce mini ba daƙiƙi ba ne, akwai yara da yawa haka, hanya ce kawai za a sake masa. Ta yanka 'yar taga a jikin kwali yadda layi ɗaya kaɗai zai riƙa gani. Sannan ta sa mini wata manhaja a waya, mai karanta labaran Hausa da muryar mace, kowace kalma tana haske idan aka zo kanta.

Na ɗauka an gama. Ina! Kafin sati ya zagayo ya haddace labaran wayar kakaf, da muryar matar da komai, har da ƙarar da take yi in an juya shafi. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kafa doka: a kashe muryar. Shi zai fara gwadawa, kalmar da ta gagare shi kaɗai zai taɓa waya ta faɗa masa. Nan fa aka yi ta daga. Yaron da ya saba gudu ya koma tsintar haruffa ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya yi kuka, ya yi fushi, ni ma wani lokacin na sare. Kullum in na ga kwandunan tumatir suna raguwa a bakin titi sai na tuna wa'adin babansa.

Ana cirar ƙarshe aka yi mana haihuwa a Garun Malam, muka shiga bas mu uku, ni da shi da babansa, za mu suna. Bayan Kadawa wata babbar mota shaƙe da kwanduna ta tare mana hanya, tana tafiya kamar ba ta so. Sai na ji yaron yana motsa baki a gefena, idonsa a kan rubutun da ke bayanta.

"San-nu... ba... ta... ha-na... zu-wa."

Ni da bakina bai iya barin karin magana a rabi ba, na ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Ai ya san ƙarshen, ni ce mai yawan faɗa masa. Ya juyo ya dube ni.

"Umma, ba a rubuta wannan ba. Nan ya tsaya."

Babansa ya leƙa ta kafaɗar direba ya duba, ni ma na duba. Gaskiya ne, nan mai fenti ya tsaya. Yaron da ya karanta shafin da ya ƙone, yau ya ƙi ƙara kalma ɗaya a kan abin da idonsa ya gani. Na ja mayafi na rufe fuska, ina dariya hawaye na zuba. Muka isa, muka sauka. A bakin ƙofar gidan sunan ne babansa ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba, "In mun koma ki wanke masa kayan makaranta."

Yanzu yana sakandare, kuma har yau a hankali yake karatu. Abin da ranar ta koya mini shi ne kada zaƙin baki ya ruɗi uwa, kada kuma nawar karatu ta sa a yanke wa yaro ƙauna. A zauna a tambaye shi me yake gani, a nema masa abin da zai dafa, sannan a bar shi ya taka da ƙafarsa.